Yadda Ake Kallon Fim a Gida, a Ba Shi Makin da Ya Dace

Matasan da suke kawo mini sharhin fim in duba musu, mafi yawansu masu son harkar ne tsakani da Allah. Sun san jarumai, sun san mawaƙa, wasu har maganganun cikin fim sun haddace. Sai dai kurakuransu ba sa sauyawa. Wani zai kalli rabin fim a waya yana cikin Adaidaita Sahu, ya sauka ya ce biyu cikin goma ya ba shi. Wani zai ba da goma cif tun ana rubuta sunaye a farko, saboda gwaninsa ne ya ja fim ɗin. Wani kuma ya kwashe labari kaf, da wanda ya mutu da wadda aka aura, ya ce sharhi ya yi. In ka tambayi dalilin makin, amsa ba ta wuce "ai ya haɗu" ko "kai, shirme ne".

Ba da maki shaida ce. Wanda ya ji ka ce bakwai cikin goma zai iya sayen data, ya tara iyalinsa, su ba da awa uku na darensu saboda maganarka. Waɗanda suka yi fim ɗin ma sun zuba dukiya da gumi, suna da haƙƙin a yi musu adalci ko da aikin bai yi kyau ba. Don haka ga yadda ake bi, ko fim ɗin Kano ne, ko na Indiya, ko na Amurka, ko jiya ya fito, ko tun kafin a haife ka.

Abubuwan da za ka tanada

Allo. Talabijin ya fi, ko da ƙarami ne, sai kwamfuta, waya ita ce ta ƙarshe. Ba raina waya nake ba, da ita yawancinmu muke kallo. Amma fim irin Baahubali na 2015, wanda aka tsara fagen yaƙinsa don katafaren allon sinima, in ka matse shi a tafin hannu rabin aikin ya ɓace, kuma ba ka da damar yanke hukunci a kan abin da idonka bai gani ba. In waya kaɗai gare ka, jingine ta a kwance kusa da kai, ka kashe ƙarar shigowar saƙo, sannan ka faɗa a sharhinka cewa a waya ka kalla.

Sauti. Lasifikar cikin siraran talabijin na yanzu ba ta fitar da ƙananan sautuka yadda ya kamata. Ƙaramar lasifika ta waje, ko abin saƙalawa a kunne mai kyau, ya wadatar.

Wuta. Cika caji, ko ka tabbatar da mai a janareta. Fim ɗin da aka ɗauke wuta a tsakiyarsa, aka ƙarasa bayan kwana biyu, zaren da ya ɗaure ka ya riga ya tsinke, sai ka ɗora wa darakta laifin da ba nasa ba.

Littafi da biro. Littafi guda, na wannan aiki kaɗai. Kada ka ce a waya za ka rubuta, domin hannunka na taɓa ta hankalinka ya rabu.

Sai lokaci. Duba tsawon fim tun kafin ka fara, ka ƙara rabin awa a kai, ka daidaita shi da lokutan salla da hidimar gida. Bayan Isha'i ya fi dacewa da yawancin mutane.

1. Tantance kwafin da ke hannunka

Nan ake faɗuwa tun ba a fara ba. Fim ɗaya yakan zo da fuska fiye da ɗaya, kuma dole ka san wacce ka kalla.

The Message na Moustapha Akkad, wanda ya fito a 1976, sau biyu aka ɗauke shi: na Turanci da Anthony Quinn a matsayin Sayyidina Hamza, da na Larabci da Abdullah Ghaith a wannan matsayi. 'Yan wasan daban ne, don haka makin wasan da ka ba ɗaya ba zai hau ɗayan ba. Mughal-e-Azam na 1960 akasarinsa baƙi da fari aka ɗauke shi, sai a 2004 aka yi masa launi gaba ɗaya aka sake fitarwa. In ka yabi launin wannan na biyun, aikin masu kwamfuta ka yaba, ba na wanda ya riƙe kyamara a farko ba. Sholay na 1975 kuwa ƙarshe biyu gare shi: wanda Ramesh Sippy ya fara ɗauka, da wanda hukumar tace fina-finan Indiya ta sa aka sauya kafin a saki fim ɗin. Mutum biyu sai su raba dare suna musu a kan ƙarshen Sholay, alhali ba abu ɗaya suka gani ba.

Sai fassara. Juya fim ɗin Indiya zuwa Hausa, irin wanda Algaita ta yi suna da shi, sana'a ce mai zaman kanta, kuma tana da gwanayenta. Amma muryar da kake ji ba ta jarumin ba ce, barkwancin ma sau da yawa na mai fassara ne, ya sa shi don ya dace da kunnen Bahaushe. Wani lokaci a rage waƙa, ko kiɗan da ke ƙasa ya dushe a bayan sabuwar murya. In fassararre ka kalla, ba da maki biyu, na fim da na fassara. In kuwa wasan jarumi kake son aunawa da gaske, nemi na asali mai rubutun fassara a ƙasan allo, ka ji muryarsa ko da ba ka jin yaren.

Wanda ba a ba wa maki ko kaɗan shi ne kwafin da aka ɗauka a sace cikin sinima, mai duhu, mai tarin jama'a da inuwar kawuna. Haka wanda aka matse don ya shiga memori har fuskoki suka yi dabbare-dabbare. Gwada mintunan kwafinka da tsawon fim na asali. In minti ashirin sun ɓace, an yanke shi. Kuma in akwai halastacciyar hanya, tashar masu fim ɗin a YouTube ko manhajar da suka sa shi, bi ta nan. Bai kamata mai sharhi ya ce hoton fim bai fita ba, alhali shi ma yana cikin masu hana kuɗin sayen kyamara mai kyau isa hannun masu shi.

2. Saita talabijin da ɗakin

Sabon talabijin yakan zo da saitin kanti, haske ya yi yawa, launi ya yi zau, don a ja idon mai saye. Shiga wurin saitin hoto ka zaɓi inda aka rubuta Movie ko Cinema, ko Filmmaker Mode in akwai. Da farko za ka ga hoton ya ɗan dushe, ya yi rawaya-rawaya. Yi haƙuri minti goma, idonka zai saba, kuma shi ne mafi kusa da abin da mai tace hoton ya gani a nasa allon.

Sannan kashe abin da ke sa motsi santsi. Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Fim ɗin sinima hotuna 24 ake ɗauka cikin kowace daƙiƙa, shi kuwa talabijin sai ya ƙirƙiro wasu ya cusa a tsakaninsu, fim ɗin da aka kashe wa dukiya ya koma kamar bidiyon biki. Da yawa sun zargi mai ɗaukar hoto a kan wannan, alhali laifin yana cikin rimot ɗinsu.

Na uku, fasalin allo. Fina-finan zamanin kaset 4:3 ne, talabijin na yanzu kuma 16:9. Bar baƙin da ke gefe da gefe yadda yake. In ka ja hoton ya cika allo, kowa zai yi faɗi ya gajarce. Na sinima kuma da baƙi sama da ƙasa yake zuwa, in ka zuƙo don ka kore shi ka yanke mutanen da ke gefe, wataƙila har da wanda ake yi wa magana.

Saki labule, ka rage haske, kada fitila ta doki allon kai-tsaye. Amma kada ka yi duhu ɗulum, ido zai gaji. Ƙaramar fitila a bayan talabijin ta isa.

3. San abu uku, ka tsaya nan

Kafin ka kunna, san shekarar da fim ya fito, da wanda ya ba da umarni, da irinsa: na ban dariya ne, na soyayya, na tarihi, ko na faɗa. Rubuta su a saman shafi tare da ranar da ka kalla. Irin fim shi ke gaya maka alkawarin da ya ɗauka. Gidan Badamasi dariya ya yi alkawari, da ita za a kama shi, ba za a tuhume shi don bai sa kowa kuka ba.

Abin da ba za ka duba ba shi ne makin wasu. Lamba tana da naci. In ka ga 8.4 kafin kallo za ta zauna maka a ka, ka tarar kana ta kewaye ta. Bari sai ka gama naka, kuma ka san me kake dubawa. Na IMDb ƙuri'un masu kallo ne daga 1 zuwa 10 aka haɗa aka fitar da matsakaici. Kashi cikin ɗari na Rotten Tomatoes kuwa ba maki ba ne, yawan masu sharhin da suka ce fim ɗin ba laifi ne. Fim ɗin da kusan kowa ya ce "da dama-dama" zai iya haura kashi 90 ba tare da ya girgiza ko mutum ɗaya ba.

4. Kallon farko

Ajiye biro, ajiye rimot. Kalla daga farko har ƙarshe, ba tsallake, ba ƙara gudu. Sau ɗaya tak za ka kalli fim ba ka san abin da zai faru ba, don haka kada ka ɓata wannan damar da farautar kuskure.

Waƙa aka fi tsallakewa. A fina-finan Indiya da na Hausa da yawa, cikin waƙa ake faɗin abin da kunya ta hana baki ya faɗa, a cikinta so ke ƙulluwa, a cikinta wani lokaci shekaru ke wucewa. In ka wuce ta, sai ka dawo kana cewa soyayyar ta zo bagatatan. In kuma waƙar cike gurbi ce kawai, ba za ka iya shaidar hakan ba sai ka zauna ka gan ta.

Kallo da iyali, in ka san fim ɗin ya dace da su, yana da amfaninsa, domin dariyar yara da tsakin uwargida duk bayani ne. Amma in akwai wanda ya riga ya kalla yana ta "yanzu za ka ga", roƙe shi ya yi shiru. In tashi ya kama, tsayar a ƙarshen fitowa, ba tsakiyar magana ba.

Da an gama, rubuta layi uku: me ka ji a ranka, a ina hankalinka ya tafi wani wuri, wace fitowa ce ta tsaya maka. Kada ka sa lamba a daren. Kwana a kai tukuna, domin kiɗan ƙarshen fim yakan sa zuciya kyauta ko rowa.

5. Kallo na biyu, da biro a hannu

Yanzu rimot ya halatta. Tsayar, koma baya, ka rubuta minti kusa da duk abin da ka lura da shi. Yabo ko suka da ba za ka iya nuna wurinsu ba, magana ce marar shaida.

Fara da labari. Me jarumi yake so, me ya tare masa hanya, me ya yi a kai? In bayan kallo biyu ba za ka iya faɗin wannan cikin jimla biyu ba, akwai rauni a rubutun. Sa ido sosai a kan yadda aka kwance ƙulli. Matsalar da aka yi awa biyu ana ƙullawa, sai hatsarin mota, ko wasiyyar da ba a taɓa ambata ba, ko boka ya haukace ya tona komai cikin minti uku, wannan marubuci ya gudu ne ya bar aikinsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma a rubutu tun da wuri ake binne irinta, yadda in ta tsiro mai kallo zai ce, af, ashe! Sannan gwada kowace fitowa: in an cire ta, me labarin zai rasa? Mota ta yi hon, maigadi ya buɗe ƙofa, a faka, a fito, a gaisa, a hau bene, minti uku sun tafi ba abin da ya ƙaru. Ƙirga irinsu, ka rubuta adadin.

Sai wasa. Kada idonka ya tsaya kan mai magana kawai, dubi wanda ake yi wa maganar. Gwani sauraro yake, fuskarsa na sauyawa da abin da yake ji. Wanda bai ƙware ba jira yake a zo kansa. Ihu da yawan hawaye ba su ne gwaninta ba. Misalin da nakan ba matasa yana cikin Sholay. Jaya Bhaduri ta fito a Radha, wadda mijinta ya rasu, sanye da fararen kaya. Da almuru tana bin baranda tana kashe fitilu ɗaya bayan ɗaya, Amitabh Bachchan yana zaune can gefe yana busa ɗan abin busarsa na baki. Ba wanda ya ce uffan, kallo ne kawai ke ɗan haɗuwa ya rabu, amma duk abin da ke tsakaninsu ka gane shi. Irin wannan fitowa ce ke mutuwa in haske na dukan allonka ko kana amsa saƙo. In kuma gwaninka ne a fim ɗin, ka tuna so hana ganin laifi ne. Tambayi kanka me ya yi a nan wanda bai yi ba a fina-finansa na baya.

Hoto kuwa tambayarsa ɗaya ce: me ya sa aka ajiye kyamara a nan? A Sholay ɗin dai, da za a fara nuna Gabbar Singh, mugun fim ɗin, takalmansa aka nuna suna kai-komo a kan duwatsu gaban yaransa uku, ana jin muryarsa, fuskar sai daga baya. Kafin ka gan shi tsoronsa ya riga ya shige ka. A The Message, da yake ba a nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuma sa masa murya ba, sai Akkad ya riƙa sa 'yan wasa su fuskanci kyamara su yi magana. Ko ka gamsu da dabarar ko ba ka gamsu ba, ka ga daraktan da ya zauna ya yi tunani. Gwada wannan da fim ɗin da rabinsa a falo yake, mutum uku a jere kan doguwar kujera, kyamara a kafe wuri ɗaya har a gama.

A nan ne kuma za ka duba tacewa da daidaito. Lallen da ke hannun amarya ya ɓace ya dawo cikin magana ɗaya? Gemu ya ƙaru tsakanin ƙofar gida da zaure? A fim ɗin zamanin da, an bar agogon hannu ko farantin sola a kan rufi? An ce mutum daga ƙauyen Sakkwato ya zo jiya, amma Kananci zalla yake yi? Rubuta su, sai dai ka auna nauyinsu. Kuskure ɗaya irin wannan ba ya kashe fim mai rai. Goma kuwa alama ce ta cewa ba wanda ya damu.

Sauti shi aka fi mantawa. Zaɓi fitowa guda ka rufe ido minti biyu. Za ka ji ƙugin janareta in yana nan, za ka ji amsa-kuwwar falo mai tayil, da muryar da ke hawa tana sauka tsakanin mutum biyu, da kiɗan tausayi da ya danne magana, da wanda aka ɗebo daga fim ɗin wasu. Za ka kuma ji ko darakta ya san amfanin shiru.

6. Tsohon fim da sabo

Kuskure biyu ake yi a nan, kuma kishiyoyin juna ne.

Na farko na yara ne: su ga hoto dishi-dishi su yi dariya su kashe. Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990 da kayan bidiyon kaset aka yi shi, ba kwamfutar gyaran launi, ba ƙaramin jirgin ɗaukar hoto daga sama. Ba a rage wa mutum maki don bai yi aiki da abin da babu shi a zamaninsa ba. Abin tambaya shi ne, da ɗan abin da ke hannunsa, me ya yi? Dushewar hoto ba laifi ba ce a 1990. Amma a manta da wani jarumi a tsakiyar labari, ko makirufo ya leƙo daga sama, laifi ne a kowace shekara. Haka in ka kalli Mother India na 1957 za ka ga Nargis da sauran suna wasa da faɗi, da ɗaga murya da motsin jiki fiye da na yau. Salon zamanin ke nan, kuma sai ka kalli biyu ko uku na tsararrakinsa za ka gane wa ya yi fice cikin salon, wa ya bi ayari kawai.

Na biyu na manya ne, kuma ya fi wuyar magani. Wanda ya kalli Indiya a sinimar Plaza ko Orion ko El Dorado a Kano, lokacin da ake kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi, ko wanda ya sayi kaset ɗin Sangaya da ɗuminsa a 1999, in ka ce ya ba da maki, ƙuruciyarsa yake ba wa, da abokan da suka zauna tare. Wannan abu ne mai daraja, amma ba sharhi ba ne. Ka'idar ita ce, ba a ba da maki da ka. Sai an sake kallo, yau, da idon yau. Wasu za su tsaya da ƙafafunsu har su ba ka mamaki, wasu za ka tarar waƙa biyu ce kawai ta riƙe su a ranka.

Ka kuma raba muhimmanci da kyau. Sangaya, na kamfanin Sarauniya, da Ali Nuhu da Fati Mohammed, ya juya akalar kasuwar fim ɗin Hausa, waƙarsa ta sa masu shiryawa da yawa bin salonsa. Shehu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da gurbinsa a tarihi wanda ba mai ture shi. Faɗi wannan a layi na daban, sannan ka ba fim makinsa a kan abin da ka gani. Tambaya biyu ce ga kowane tsohon fim: ya yake a cikin tsararrakinsa, kuma har yanzu yana kama mai kallo?

Sabon fim nasa haɗarin zafin talla ne. Ana ta maganarsa, waƙarsa na tashi ko'ina, ga hoto tar. Kyawun kyamara kuɗi ne ya saye shi, bai nuna an iya labari ba. Bari mako guda ya wuce kafin ka kafa lamba.

7. Raba makin

Ga yadda nake rabawa cikin goma: labari 3, wasa 2, hoto da tacewa 2, sauti da waƙa 2, sai 1 na gaskiyar wuri, wato sutura da harshe da ɗabi'ar mutanen da aka ce ana nunawa. Labari ya fi kaso saboda in ya rushe sauran ba sa iya tallafe shi. Kana iya sauya rabon, amma in ka kafa shi ka tsaya a kansa ga kowa, da gwaninka da wanda ba ka so.

Haɗa jimla, sannan ka koma ga layi ukun daren farko. In lissafi ya ce biyar amma fim ɗin ya hana ka barci, ko ya ce takwas amma kai hamma ka yi ta yi, akwai abin da ya kuɓuce maka, nemo shi. Kana da izinin ƙara ko rage maki ɗaya, da sharaɗin ka rubuta dalili.

Sababbin hannu lamba biyu suka sani, biyu da goma. A shafin farko na littafinka rubuta ma'anar kowace lamba: biyar matsakaici ne, ba yabo ba fallasa, bakwai zan ce wa aboki ya nema, tara zan sake kallo in kuma nuna wa wasu. Kusa da kowacce sa sunan fim ɗaya da ka sani sarai, ya zama ma'auninka. Lokaci-lokaci jera duk waɗanda ka ba bakwai ka dube su tare. In wani ya fita daban a cikinsu, hannunka ya fara karkata.

8. Saƙo da tarbiyya

"Fim ɗin yana da saƙo" ba ya jawo maki shi kaɗai. Fim yana iya ɗaukar nasiha mai kyau ya isar da ita da rauni, a tsayar da labari a sa wani dattijo ya yi jawabin minti biyar. Nuna mugun hali kuma ba shi ne goyon bayansa ba, abin dubawa shi ne ko fim ɗin ya ƙawata shi ko ya nuna abin da yake jawowa.

Duk da haka magidanci yana da haƙƙin ya san abin da zai kunna a falonsa. Don haka ware layi guda bayan maki, ka faɗi wa ya dace ya kalla, da dalili: akwai zubar da jini, akwai shigar da ba ta dace ba, akwai ashar. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta ga fim ɗin wajen da ka sauko da shi daga intanet ba, tacewar tana wuyanka. Duba alamar shekaru: PG-13 da R a na Amurka, 12 da 15 da 18 a na Nijeriya. Wanda ba ka sani ba, kalle shi kai kaɗai kafin ka tara yara.

9. Rubuta sharhin

Suna, shekara, darakta, da kwafin da ka kalla. Jimla biyu ko uku a kan mafarin labari, kada ka wuce sulusin farko, domin abin da ke gaba haƙƙin mai kallo ne. Sai abin da ya yi kyau da misalinsa, abin da ya gaza da misalinsa, maki, da wanda ya dace ya kalla. Tsaya ka karanta sunayen ƙarshe, ka ambaci marubuci da mai ɗaukar hoto da mai sauti in aikinsu ka yaba ko ka soka, kada komai ya tafi kan jarumi. Kuma aikin za ka taɓa, ba mutumin ba. Auren jaruma ko rigimar jarumi da wani ba su da gurbi a sharhi.

Masu dogon zango irin Labarina da Kwana Casa'in da Izzar So suna da nasu hukunci. Kada ka yanke musu maki bayan kashi biyu. Sa wa kowane kashi ɗan maki da fensir, ka jira ƙarshen zango kafin ka sa biro. Ƙara musu ma'auni guda: kashi nawa za a iya cirewa labarin bai ji ba, kuma minti nawa ake ci a maimaita abin da ya wuce.

Bayan shekara ɗaya ko biyu sake kallon waɗanda ka ba tara da waɗanda ka ba uku. In ra'ayinka ya sauya kada ka goge tsohon makin, rubuta sabon a gefensa da kwanan wata da dalili. In ka taɓa gaya wa jama'a na farkon, to ka gaya musu na biyun.